Ɗan Waken Illela da Hanyoyin da Suka Haife Shi

Duk al'ummar da ta iya niƙa ta kuma mallaki tukunya, ko ba daɗe ko ba jima sai ta gano cewa ana iya kwaɓa gari, a gutsura, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a tsame a ci. Mutanen ƙasar Sin sun yi nisa a wannan fanni, kuma cikin girke-girkensu da suka zaga duniya akwai wantan: kwaɓin alkama ne ake murzawa ya yi falan-falan har ana hango yatsa ta bayansa, a yanka ƙanana, a ɗora ɗan niƙaƙƙen nama a tsakiya, a shafa ruwa a gefe, a naɗe a matse baki, a dafa, sannan a zuba cikin romo mai zafi. A ƙasar Hausa abin da ke tsaye a wannan gurbi shi ne ɗan wake, wanda ba shi da ɓawo, ba a cusa masa komai a ciki, kuma da mai da yaji ake cinsa maimakon romo. Mun saba kiransa abincin gargajiya, har mutum ya zaci tun ranar da aka kafa garin farko yake nan yadda yake. Ni kuwa ina ganin ɗan wake ɗan fatauci ne. Kusan duk abin da ke cikin kwanonsa hanya ce ta kawo shi, wata daga tafkin Chadi, wata daga hamada, wata ma daga ƙetaren teku. Babu kuma inda wannan ke fitowa fili kamar Illela, garin da ke arewacin jihar Sakkwato, wanda 'yan kilomita kaɗan ne tsakaninsa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, inda ake iya rufe hanyar da umarnin mutum ɗaya a Abuja.

A fara da duban aikin kansa, domin a hannun mai yinsa hujjar take. Mace za ta jiƙa kanwa tun da wuri ta bari ta kwanta, ta tace ruwan. Ta haɗa garin wake da garin busasshen rogo, wasu su ƙara na dawa, ta barbaɗa kuka, sannan ta riƙa zuba ruwan kanwar tana kwaɓawa har kwaɓin ya yi danƙo, launinsa ya juya zuwa kore mai duhu. Idan ya yi ruwa zai narke a tukunya, idan ya yi tauri zai fito da gari a tsakiyarsa, saboda haka awon a yatsu yake. Ruwa na tafasa sai ta ɗebi kwaɓin a tafin hannu ta riƙa saki ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kowane ya nutse ƙasa. Jim kaɗan su taso sama, kumfa ta hau tana neman zuba, ta yayyafa ruwan sanyi ko ta rage wuta, ta bar su su ƙara nuna. Daga nan ta tsame ta zuba a ruwan sanyi don kada su manne wa juna. A soya man gyada da albasa, a kawo yajin barkono da ƙuli-ƙuli, mai saye ya soka da tsinke. Wantan ma haka yake nuna alamar dahuwarsa, ya nutse sannan ya taso. Bambancin yana wurin garin.

Abin da ya sa Basine ya iya naɗe nama cikin ɓawo, Bahaushe bai yi ba, shi ne alkama. A cikinta akwai wani sinadari mai danƙo, wanda masana ke kira gulutin, shi ke sa kwaɓi ya miƙe ba tare da ya yage ba. Gero da dawa da wake ba su da shi; duk ƙwarewar mace ba za ta murza kwaɓin gero ya zama ɓawon da zai riƙe nama a tafasasshen ruwa ba. Su kansu Sinawa alkamar baƙuwa ce a wurinsu, daga yammacin Asiya ta je musu shekaru fiye da 4,000 da suka wuce, kuma sai a zamanin daular Han, tsakanin shekara ta 206 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ta 220 bayanta, dutsen niƙa mai juyawa ya yaɗu har gari ya wadata. A kaburburan Astana da ke kusa da Turfan, a yankin Sinjiyang, masu tonon tarihi sun samu busassun ƙulle-ƙullen kwaɓi na zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, rairayi ya adana su da siffarsu. Wannan wuri kuwa kan babbar hanyar fataken siliki yake, kuma dangin wannan girki suna jere a kan hanyar: manti a wurin Turkawa, shishbarak a ƙasashen Sham, ga kuma Musulmin Sin da ke cusa naman rago ko na sa a inda wasu ke sa na alade. A ƙasar Hausa an daɗe da sanin alkama, ana nomanta da rani a fadamu ana ba ta ruwa da jigo, amma kaɗan ce kuma mai tsada, abincin fada ce da gidajen attajirai da Larabawan Kano. Alkaki da finkaso da gurasa da taliya aka yi da ita. Talaka da ke son abin da zai dunƙule a ruwan zafi dole ya nemi danƙo a wani wuri, ya kuwa same shi a kuka da kanwa, daga baya a rogo.

Wake da kuka su ne 'yan gida a wannan haɗi. Wake shuka ce ta Afirka. A tsakiyar ƙasar Gana an tono ƙwayoyinsa a wuraren zaman mutanen Kintamfo da suka haura shekara 3,500. Manomin Gobir da Adar da Ƙonni ya san darajarsa tun kafin masana su bayyana dalili: ana shuka shi tsakanin kunyoyin gero, yana jure ƙarancin ruwa, yana ƙara wa jigawa ƙarfi, harawarsa kuma ita ke riƙe tumaki da rani. Kuka kuwa tana tsaye a bakin kusan kowane tsohon gari, har kufai ma da ita ake gane shi. Da waɗannan biyu kaɗai ne ɗan wake, da sai a yarda cewa ƙasa ce ta haife shi. Amma garin wake da kuka ba sa ba da abin da ake so sai an sa kanwa, ita ke tausasa waken, ta fito da yauƙin kukar, ta sa ƙullin ya kama jikinsa. Ita kuwa kanwa ba a gonar kowa take ba.

Tarihin kanwa shi ne ginshiƙin maganata, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Manyan wuraren da ake samunta suna gabashin tafkin Chadi, inda ake haƙo ungurnu, da ƙasar Manga da Muniyo, sannan a yamma akwai kwaruruwan Dallol Boso da Dallol Foga, inda ake kankare ƙasa a tace a dafa a samu kanwa da gishiri. Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a 1986 kan wannan ciniki na gishiri da kanwa a tsakiyar ƙasashen Sudan, inda ya nuna yadda ya haɗa Barno da daular Usmaniyya da hamada. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kanwar da ke ratsa birnin a shekara ba ta gaza kaya 20,000 na shanu da jakuna da dawakin kaya ba. A 1853 kuma ya bi ta Wurno da Sakkwato ya ga masu dafa gishiri a Foga da idonsa. Ba don girki kaɗai ake wannan wahala ba. Makiyayi na ba dabbobinsa, mai taba na haɗawa da ita, majemi da marini da mai sabulu da mai magani duk suna nema. Amfanin gida ɗan kaɗan ne a cikin wannan babban ciniki, amma saboda cinikin ya yi girma ne ɗan gutsuren kanwa ya yi arhar da mace a ƙauye za ta saya. Gishirin da ke cikin yajin ma haka: Buzayen Kel Geres, waɗanda suka zauna a yankin Adar da Gobir Tudu, arewa da gabashin inda Illela take, su ne ke kai ayarin raƙuma Bilma su dawo da gishiri su sauke a kasuwannin ƙasar Sakkwato, su koma da gero da tufafi. Abin lura shi ne yawancin waɗannan wurare yau suna cikin Nijar ko Chadi. Akwai kuma wata daidaituwa mai ban sha'awa: masu taliyar Guwanzu da Hon Kon, wadda ake zubawa tare da wantan, su ma suna kwaɓa garinsu da ruwan wani gishiri ɗan uwan kanwa, shi ke ba ta launin rawaya da tauri a haƙori. Mutane biyu da ba su san juna ba sun gano amfanin abu ɗaya.

Sauran kayan haɗin daga nesa ƙwarai suka zo. Rogo da gyada da barkono duk tsirran nahiyar Amurka ne, babu ɗayansu a Afirka kafin jiragen Turawan Fotugal su fara zirga-zirga tsakanin Birazil da gaɓar tekunmu a ƙarni na 16, a cikin cinikin da mafi munin kayansa 'yan Adam ne. Daga gaɓa suka riƙa hawowa arewa a hankali, hannu zuwa hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ɗan wake mai rogo, mai man gyada, mai jan yaji, ba zai girmi waɗannan ƙarnuka ba, kuma kafin barkono ya iso, masoro da citta da kimba ne ke ba da zafi a girkinmu. Gyada ma sai bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatake suka rungumi cinikinta daga 1912, layin dogo ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, sannan ta cika ƙasa har mai da ƙuli-ƙuli suka zama abin da ake samu a kowane lungu. Rogo kuwa yunwa ce ta yi masa talla. Wanda ya ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914, ko ya ga farin 1973 da 1974, ya san dalilin da zai sa uwar gida ta auna wake kaɗan ta cika da garin da ya fi araha. Abin da aka fara don dole, sai aka tarar yana ƙara santsi da danƙo, harshe ya saba, yau kuma shi ake kira na asali.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan kirdado ne, tunda malaman da suka rubuta tarihin jihadi da na sarakuna ba su zauna suna bayanin abin da ake saki a tukunya ba. Gaskiya ne alƙalumansu sun fi karkata ga yaƙi da shari'a da nasaba. Amma tarihi ba a takarda kaɗai yake ba. Asalin kowace shuka sananne ne, wuraren haƙar kanwa suna nan, hanyoyin ayari an rubuta su, kuma idan aka jera waɗannan sai su ba da iyakar lokacin da abu zai iya faruwa. Shirun littattafai ma yana da dalili. Wannan sana'a ta mata ce, a cikin gida ake yinta, yara ke fita da ita talla da safe. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa, wato saye da sayarwar da matan kulle ke yi daga ɗakunansu, wanda mai ƙidayar kasuwa ba ya gani ko da ya wuni a bakin rumfa. Da ribar ɗan wake da ƙosai da fura aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki, aka sayi akuya, aka zuba adashi. Dukiyar da ba a rubuta ba tana da wuyar ƙidaya, amma ta riƙe gidaje.

Wani kuma zai ce me ya haɗa Illela da ɗan wake, alhali ana yinsa a Kano da Katsina da Zariya da Maradi, kuma mutumin ƙasar Sakkwato an fi saninsa da fura da nono da tuwo? Ban ce a Illela aka ƙirƙiro shi ba, kuma babu garin da zai riƙe shi nasa shi kaɗai. Dalilin zaɓen Illela shi ne a nan ake ganin kayan haɗin suna tsallake layin iyaka. Layin kuwa sabo ne. A 1890 Ingila da Faransa suka ja shi a takarda daga Sayi zuwa Baruwa, ba tare da sun san ƙasar ba. A 1898 suka sake zama suka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wanda ya bar Ƙonni a rabon Ingila. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ta Faransa afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayun 1899 ba, inda ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Faransawa suka matsa cewa suna bukatar hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, aka gyara yarjejeniyar a 1904 da 1906, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, ƙauyukan kudu da ita suka zauna a ƙasar Gwadabawa, wadda Marafa Muhammadu Maiturare ya raya kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Saboda rijiyoyin da sojan Faransa zai sha ruwa aka raba mutanen da harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Illela ta girma ne a kan wannan rabuwa, ta zama mashiga, ga kwastan, ga 'yan canjin naira da sefa, ga babbar kasuwar dabbobi da hatsi da ke ci ranar Lahadi.

Wake na cikin manyan kayan da ke bin wannan mashiga. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye da ita, amma Nijeriya na cin fiye da abin da take nomawa, Nijar kuwa na noma fiye da abin da take ci. Tun bayan da fari da cutar da ta kama gyada a tsakiyar shekarun 1970 suka karya nomanta, manoman kudancin Nijar suka koma wa wake a matsayin abin sayarwa, kuma mafi yawansa kudu yake gangarowa, ta Illela da Jibiya da Maigatari, wani ya tsaya a Sakkwato, wani ya wuce Dawanau ta Kano, wani har Ikko. Tare da shi akwai raguna da shanu da raƙuma da albasa, wadda garin Galmi da ke gabas da Ƙonni ya ba wa irinta mafi shahara suna. Daga kudu kuma masara da dawa da garin rogo da man fetur da kayan masana'antu ke haurawa. Ke nan a tukunya ɗaya a Illela ana iya samun waken da aka noma a Nijar, da rogon da ya fito daga kudu, da kanwar da ta fito gabas. Farashin kowanne yana rawa da canjin kuɗi. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 kayan Nijar sun yi wa mai naira sauƙi, da naira ta faɗi daga baya kuma abin ya juya.

Sau uku a cikin shekara arba'in aka toshe wannan hanya. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilun 1984, lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta faɗo daidai da mummunan fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, aka kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe mashigai huɗu, Illela na cikinsu tare da Seme da Maigatari da Mfum. Na uku ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da takunkumin ƙungiyar ECOWAS, inda manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka kaya na lalacewa, har zuwa watan Maris na 2024. Masu goyon bayan rufewa suna da hujjar da ba za a raina ba. Shinkafar Tailan da Indiya da ake saukewa a Kwatano a zagayo da ita ta Nijar tana kashe manomin Kebbi da Sakkwato. Makamai da miyagun ƙwayoyi na bin hanyoyin da buhunan hatsi ke bi. Mutanen gabashin Sakkwato da na Tangaza da Gudu sun ɗanɗana kuɗar 'yan bindiga, ba wanda zai gaya musu cewa tsaron iyaka wasa ne. Amsata ita ce akwai bambanci tsakanin kayan da aka yo daga wata nahiya aka fake da maƙwabci don kauce wa haraji, da amfanin gonar yankin da tun kafin a ja layi yake zagayawa a cikinsa. Rufe ƙofa gaba ɗaya ba ya tantance su. Babban ɗan sumoga yana da kuɗin da zai bi ta daji da babura ya sallami duk wanda ya tare shi, ya ɗora kuɗin a kan buhu. Wadda ke biyan wannan ƙari ita ce mai auna tiya ɗaya ta wake da safe, kuma hanyar da ta rage mata ita ce ta rage waken a cikin kwaɓi.

Nan ne maganar fulawa ta shigo, wadda ita ce gardamar da aka fi yi a kan ɗan wake a yau. A birane da yawa abin da ake sayarwa da wannan suna fulawa ce zalla da kuka da kanwa, babu ƙwayar wake a ciki, a yanka masa dafaffen ƙwai da kabeji da tumatir, a barbaɗa Maggi. Dattawa na cewa wannan ba shi ba ne. Idan hujjarsu ita ce fulawa baƙuwa ce, to hujjar ba ta tsaya ba, domin rogo da barkono da gyada ma baƙi ne da suka daɗe har aka manta. Wanda ya karɓi baƙon jiya ba shi da bakin korar na yau don baƙuncinsa kawai. Amma akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma a kanta nake tare da su. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne. A fulawa bai wuce kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ba, a garin rogo kuwa ɗaya ne zuwa biyu. Yaron da aka saya wa ɗan wake na gaske kafin ya tafi makarantar allo ko ta boko ya samu abin da nama zai ba shi, wanda gidansu ba sa iya saye. Wanda aka ba na fulawa cikinsa kawai ya cika. Sannan alkamar da ake niƙawa, tun da kamfanin Flour Mills ya kunna injinsa a Apapa a 1962, kusan dukkanta daga waje ake sayo ta da dala. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun kira wannan hali tarkon alkama a littafinsu na 1985. An gina madatsar Bakolori da ta Goronyo da fatan noma ta a gida, gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, hanin bai kai ko'ina ba aka janye a farkon shekarun 1990. Fulawar da a ƙasar Sin ta ba da damar naɗe nama cikin ɓawo, wato ta ƙara wa kwano daraja, a wurinmu ta shigo ne ta kori abin da ya fi amfani a cikinsa.

Ita ma kanwar ba a bar ta ba tare da tuhuma ba, kuma ya kamata a faɗa. Likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, musamman Davidson da Parry a shekarun 1970, sun danganta yawan ciwon zuciya da ke kama mata masu jego a yankin Zariya da shan kunun kanwa mai yawa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Binciken ya shafi shan kanwa da yawa kullum har tsawon kwana arba'in ko fiye, abin da ya sha bamban da ɗan ruwan da ake kwaɓa ɗan waken gida guda da shi, amma mai hawan jini ya kamata ya san cewa kanwa 'yar uwar gishiri ce. Haɗarin da ya fi kusa da mai cin wake a yau yana wurin ajiya. Ƙwaro na iya cinye buhu cikin 'yan watanni, don haka wasu 'yan kasuwa ke zuba masa maganin ƙwari mai guba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Maganin wannan kuwa an riga an same shi, kuma da hannun masu bincike na Nijar a Maradi tare da Jami'ar Purdue ta Amurka: buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Tun daga 2007 aka fara yaɗa shi, har ya kai ƙasashen biyu. Manomin da ya samu irin wannan buhu yana iya riƙe wakensa daga kaka zuwa bazara maimakon ya zubar da shi da arha, wanda ya saya a hannunsa kuma ya niƙa ba tare da fargaba ba.